Ina jin Turanci a takarda, amma da waya ta yi ƙara sai kaina ya ɗaure

Assalamu alaikum Malam. Ya aiki, ya iyali? Ni saurayi ne ɗan shekara 26, ina aiki a wurin kawuna a kasuwar Dawanau ta Kano. Riɗi da zoɓo da waken suya muke tarawa muna sayar wa kamfanonin da ke fitar da su waje. Da yake ni ne na yi difloma a gidanmu, sai kawu ya damƙa mini wayar kasuwanci, ya ce duk wanda ya kira da Turanci ni zan amsa. Wallahi Malam ina karanta Turanci, ina rubuta shi, kuma zama ɗaya na ci shi a WAEC. Amma da zarar na ɗaga waya na ji Ba'indiye ko mutumin Legas yana zuba magana, sai gabana ya faɗi, kaina ya ɗaure, ba abin da ke fita a bakina sai "yes sir". Watan jiya wani ya ce yana son tan 15 na riɗi, ni kuma na ji 50. Kawu ya ci bashi ya tara kaya, ya kama tirela biyu, sai daga baya gaskiya ta fito. Bai zage ni ba, amma shirun da ya yi ya fi mini zagi ciwo. Yanzu in na ga baƙuwar lamba sai in bar ta ta yi ta ƙara har ta katse. Shin in mayar wa kawu wayarsa in ce ba zan iya ba, ko akwai hanyar da zan koyi wannan abu? Wasu sun ce in shiga ajin koyon Turanci.

Ƙaninka, daga Dawanau.

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya mayar wa kawunka abin da ya rasa da mafi alheri, kai kuma Ya yaye maka wannan damuwa. Amsar tambayarka ta farko gajeriya ce: kada ka mayar da wayar. Kowa yana iya jin 50 a inda aka ce 15, har wanda aka haifa a Landan. Wurin da asarar ta shigo shi ne lokacin da ka ce "yes sir" alhali zuciyarka ba ta tabbata ba. Wannan kuwa abu ne da ake gyarawa cikin 'yan makonni, ba sai ka koma makaranta ba.

Bari in fara rage maka zargin kanka. Sauraro ta waya ya fi sauraro ido da ido wuya ga kowa, a kowane harshe. Layin waya na yau da kullum ba ya ɗauko muryar mutum gaba ɗayanta. Tsakiyarta kawai yake yankowa, wato sautin da ke kaɗawa tsakanin sau 300 zuwa 3,400 a daƙiƙa, ya zubar da sauran. Siraran sautuka irin su "s" da "f", yawancin abin da ke bambanta su yana can sama da wannan iyaka, shi ya sa suke narkewa su zama abu guda a kunne. Ga shi ba ka ganin leɓen mai magana, ba ka ganin hannunsa, ba ka san ko ya ɗaure fuska ko murmushi yake ba. In da Hausa ake yi, ƙwaƙwalwarka tana cike guraben da kanta ba tare da ka lura ba, don ka riga ka san abin da ya kamata ya biyo baya. A Turanci ba ta saba ba tukuna. Ka haɗa wannan da hayaniyar Dawanau, ƙugin tireloli, ihun 'yan dako, janareta a maƙwabta, ai ka ga ba abin mamaki ba ne.

Makaranta kuma ba ta shirya ka don wannan aiki ba. Shekara da shekaru ido da hannu aka horar maka: karanta wannan, cike wancan gurbin, rubuta wa shugaban makaranta wasiƙa. Hatta takardar furuci ta WAEC, a Najeriya da fensir ake amsa ta, ɗalibi ya zaɓi A ko B ba tare da ya buɗe baki ko ya saurari kowa ba. Kunnenka da harshenka ba su taɓa samun nasu darasin ba, sai ranar da kawu ya miƙa maka waya.

Ka kuma tuna wanda ke can ɗaya ɓangaren. Ba'indiyen nan mai yiwuwa Hindi ko Gujarati ko Tamil yake yi a gidansu. Mutumin Legas Yarbanci ko Ibo ya sha a nono. Ɗan Sin da ɗan Turkiyya ma haka. Dukanku da aron harshe kuke ciniki, kuma shi ma sau da yawa ba duk abin da ka faɗa yake kamawa ba. Riɗi ya kira nema, kuma ya fi ka son a rubuta adadin daidai, tunda kuɗinsa ne.

To ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani sosai. Mu an tarbiyyantar da mu a kan cewa babba in yana magana ba a katse shi, ba a sa shi ya maimaita, sai dai a sunkuyar da kai a ce "to". A zaure gaban iyaye wannan ladabi ne mai kyau, kuma ba zan ce ka bar shi ba. Amma a waya kai wakili ne, dukiyar wani ce a hannunka. "Yes sir" ɗin da ka faɗa don girmamawa, shi mai kiran ya ɗauke ta a matsayin ciniki ya faɗa. Akwai kuma wata kunyar ta daban, ta ɗan boko: kada yaran sito su ji kana cewa ba ka gane ba, su fara raɗa cewa ashe diflomar ta banza ce. Na san wannan tana da nauyi a zuciyar saurayi, ba na raina ta. Sai dai ka dubi kawunka. Ko ɗan'uwansa na jini ne ya kawo buhu ya ce kilo kaza ne, sai an ɗora a sikeli, kuma ba wanda ke jin haushi, don kowa ya san haka kasuwa take. Maganar da aka faɗa maka a waya ma sai ka auna ta kafin ka karɓa.

Matuƙan jirgin sama Turanci ne harshen aikinsu tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma doka ce a kansu su maimaita wa hasumiya muhimmin umarnin da ta ba su, kamar tsayin da za su hau da titin da za su sauka, domin mai ba da umarnin ya ji da kunnensa cewa an fahimce shi. Duk jirgin da ya sauka a filin Malam Aminu Kano yau da haka ya sauka. Mutanen da suka fi kowa ƙwarewa a magana ba tare da ganin juna ba, su ne suka fi kowa maimaitawa.

Saboda haka akwai 'yan jimloli da nake so ka haddace har su zauna a bakinka, su riƙa fita ko da gabanka na faɗuwa. In ba ka ji ba, ka ce "Sorry, could you say that again?" In yana gudu, ka ce "Please speak slowly, I am writing it down." Wannan ta biyun na fi so, domin ta ba shi dalili, kuma dalilin mai mutunci ne: ba wanda zai ji haushin mutumin da ke rubuta odarsa. In ya gama, ka ce "Let me repeat that to be sure," sai ka karanto masa abin da ke takardarka. In abin ya cakuɗe gaba ɗaya, ka gaya masa gaskiya, "It is noisy here, I will call you back in five minutes," ka shige ofis ka rufe ƙofa ka kira. In kuma maganar farashi ce ko ragi, kada ka yanke komai a tsaye: "Let me confirm with my boss and call you back."

Akwai wata dabara da ta fi duk waɗannan amfani. In ka ce "sorry" kawai, mutum zai sake zubo maka maganar duka, da irin gudun da ya yi ta farko, ka sake ɓacewa a wuri ɗaya. Gara ka tambayi ainihin abin da ya kuɓuce maka. "How many tons?" "Which day?" "Which bank?" Gajeriyar tambaya gajeriyar amsa take jawowa, gajeriyar amsa kuwa ba ta da wuyar ji. Da haka ma sai ka ga akalar hirar ta dawo hannunka, kai kake tambaya shi yana amsawa.

Lambobi su ne ramin da ka faɗa, don haka bari in daɗe a kansu. Daga 13 zuwa 19, kowace tana da 'yar'uwa mai kama da ita: 13 da 30, 14 da 40, 15 da 50, har zuwa 19 da 90. A aji an gaya mana cewa "fifteen" a ƙarshe ake danna ta, "fifty" kuma a farko. Gaskiya ne in kalmar ita kaɗai ce. Amma da zarar wata kalma ta biyo ta, kamar a "fifteen tons", sai nauyin ya dawo farko, ɗan "n" ɗin ƙarshe kuma ya shige cikin "t" na gaba. Turawan da kansu sun san wannan, shi ya sa za ka ji suna tambayar juna "one five or five zero?" Kai ma haka za ka yi, kowane lokaci, ko da kana ganin ka ji sarai. Adadin tan, farashin kilo, yawan buhu, duk ka warware su ɗaya bayan ɗaya. 5 da 9 ma suna rikicewa a layi maras kyau, har matuƙan jirgi suka sauya yadda suke furta su don kada a samu kuskure.

Lambar asusun banki a Najeriya guda 10 ce, ta waya 11. Kada ka karɓe su a dunƙule. Ka sa a faɗo maka uku-uku ko huɗu-huɗu, kana maimaita kowane rukuni kafin a wuce. Wasu za su ce "oh" a maimakon sifili, wasu su ce "double five" suna nufin 5 sau biyu a jere. Tunda kuna hulɗa da Indiyawa, ka san cewa suna da nasu ƙidayar da suke sakawa cikin Turanci: "lakh" shi ne 100,000, "crore" kuma miliyan 10. In ya ce "twenty lakh", miliyan 2 yake nufi. Kwanan wata ma ka yi hattara da shi. Ba'amurke wata yake fara rubutawa kafin rana, mu da Ingila da Indiya rana muke farawa da ita, don haka 5/6 tana iya zama 5 ga Yuni ko 6 ga Mayu. Ka faɗi sunan watan da sunan ranar, a huta.

Sunaye kuma sai an bi su harafi-harafi. B da D da P da T da V duk amo ɗaya suke da shi a waya, haka M da N. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta tsayar da kalmomi 26 tun 1956, kowane harafi da tasa: Alfa, Bravo, Charlie, Delta, har zuwa Zulu. In ka haddace su ya yi kyau, ba za su ɗauke ka kwana biyu ba. In ba ka haddace ba, duk sunan da ku biyun kuka sani ya wadatar, "K for Kano", "D for Delhi", "B for Benin".

Game da bakinka kai kuma, kada ka ɓata lokaci wajen kwaikwayon mutanen Landan. Ba wanda zai ƙara maka naira ɗaya a kilo saboda ka laƙwasa harshe. Wuri biyu ne kawai ya kamata Bahaushe ya kula da su, saboda suna sauya ma'ana. Na farko "p" da "f", tunda Hausa ba ta raba su ba, kuma mu Kanawa da leɓe biyu muke furta "f" ɗinmu. A Turanci, "f" haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa iska na fita, "p" kuwa sai leɓe sun haɗu sun rufe sannan su buɗe. Na biyu "b" da "v". Kalmomin aikinka cike suke da su: "price", "pay", "profit", "four", "five", "seven", "invoice". Ka tsaya gaban madubi da safe ka bi su a hankali kana kallon bakinka. Sauran karin harshenka ka bar shi yadda yake.

Yanzu ga atisayen kansa. Ka samu mutum ɗaya wanda Turancinsa ya ɗan fi naka, in da hali wanda ba ya jin Hausa sosai, domin in Bahaushe ne da kun maƙale za ku zame ku koma gida. A Kano ba za ka rasa ba: wani da kuka yi makaranta, ko ɗan bautar ƙasa da aka turo daga kudu, ko abokin ciniki daga Sabon Gari. Sharaɗin shi ne da waya ta gaske za a yi, shi yana wani wuri kai kana wani wuri. Zama kan benci ɗaya kuna kallon juna ba zai yi ba, don ido zai yi wa kunne aikinsa.

Shi zai rubuta a takardarsa ba tare da ka gani ba: sunan kamfani na ƙirƙira mai wuyar rubutu, tan 14 na zoɓo, lodi ranar Talata 13 ga wata, lambar mota, lambar wayar direba. Bayan la'asar, kana tsaye bakin sito da littafi da biro, sai ya kira. Ka ɗaga, ka gaisa, ka faɗi sunanka da na kamfani. Ya fara zubo oda. Ka tsayar da shi, "one four or four zero?" Ya faɗi sunan kamfani, ka ce ya bi shi harafi-harafi. Mota ta wuce da ƙara, lambar direba ta kuɓuce maka, ka ce ya sake faɗo huɗun ƙarshe. Ka karanto masa komai daga sama har ƙasa, ku yi sallama. Daga nan kowa ya ɗauki hoton takardarsa ya tura wa ɗan'uwansa ta WhatsApp. Duk inda takardun biyu suka saɓa, nan ne aikin gobe.

In kun yi mako guda kuna dacewa, ya fara tsananta maka. Ya ƙara gudu. Ya sauya adadi a tsakiyar magana. Ya kira a fusace yana cewa an samu tsakuwa da ƙasa a riɗin da aka aika, ko danshi ya yi yawa, yana neman ragi. Wannan na ƙarshen kada ku tsallake shi, don mai fushi ya fi kowa saurin magana, kuma a gabansa ne "yes sir" ta fi saurin suɓucewa. Minti 10 kullum ya fi awa 2 ranar Lahadi. In ya yarda, ku naɗi hirar ka saurara da dare. Karon farko muryarka ba za ta yi maka daɗi ba, haka kowa yake ji, amma a nan za ka gane inda kake haɗiye kalma da inda kake yin shiru mai tsawo. Abokan ciniki na gaske dai kada ka naɗi muryarsu ba da saninsu ba.

Wani abin da zai ƙarfafa maka gwiwa: Turancin da aikinka ke buƙata ba shi da faɗi. Duk kiran da za a yi maka ba zai wuce farashi, nauyi, tsabtar kaya, danshi, samfur, kafin alƙalami, ciko, mota da ranar lodi ba. Ka ware shafi a bayan littafinka, duk kalmar da ka ji an maimaita ba ka san ta ba ka rubuta ta yadda ta shiga kunnenka, da dare ka bincika. Kafin wata ya ƙare za ka ga sabbin kalmomi sun daina zuwa.

Kunne kuma yana son abincinsa daban. Shirin 6 Minute English na BBC yana zuwa da rubutaccen abin da aka faɗa. Ka fara saurara ba tare da ka duba ba, ka rubuta abin da ka kama, sannan ka gwada da nasu. Muryar Amurka ta fara shirye-shiryen Turanci a hankali tun 1959, da kalmomi wajen 1,500, kuma suna da kyau ga makonnin farko. Amma kada ka zauna a nan, don masu kiranka ba a hankali suke magana ba, kuma ba Turancin Amurka suke yi ba. Ka nemi labaran tashoshin Indiya na Turanci a YouTube, ka kifa wayar ka saurara. Ka nemi shirye-shiryen rediyon Legas da Fatakwal waɗanda masu sauraro ke bugo waya, don a nan za ka ji ainihin muryar da ke ba ka wuya, a kan ainihin layin da ke ba ka wuya. Fim mai rubutu a ƙasa ba zai taimake ka ba, karatu za ka yi ta yi kana zaton sauraro kake.

Akwai kuma wurin gwaji na kyauta. Tun 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa ta haɗe gajerun lambobin kamfanonin waya, 300 ita ce ta sashen kula da masu hulɗa a kowane layi. Duk ranar da kake da tambaya ta gaske a kan data ko kati, ka zaɓi Turanci a maimakon Hausa. Baƙo ne ba ka san shi ba, ba ya ganinka, kuma ko ka yi tuntuɓe ba buhu ko ɗaya da zai salwanta.

Ka lura cewa kiran da kai ka buga ya fi wanda aka bugo maka sauƙi, don kai ka zaɓi lokaci da wuri da abin da za a fara faɗa. Shi ya sa barin waya ta yi ta ƙara har ta katse shi ne mafi munin zaɓi: ciniki ya tafi wurin maƙwabci, tsoro kuma ya ƙaru. Ka ɗaga, ka tambayi suna da abin da ake so, ka ce za ka kira nan da minti 5. Ka rubuta layi uku na abin da za ka faɗa, ka sa abin sauraro a kunne don hannunka ya samu damar rubutu, sannan ka kira. In ƙasar waje ce ka duba agogo tukuna. Turkiyya tana gabanmu da awa 2, Dubai da awa 3, Indiya da awa 4 da rabi, Sin da awa 7. Ƙarfe 9 na safe a Kano ƙarfe 4 na yamma ne a wurin ɗan Sin, in ka bari sai bayan azahar ya tashi daga aiki.

Gaisuwa ma ta bambanta. Mu sai mun tambayi gida da gajiya da sanyi kafin a zo kan magana. Baƙon waje layi ɗaya ya ishe shi: "Good morning", sunanka, sunan kamfani, abin da ya sa ka kira. In ya tafi kai tsaye kan farashi ba wulaƙanci ba ne, al'adarsu ce. Mutumin kudu yakan so ɗan "How is work, sir?" kafin a shiga ciniki. In ba ka gane mai magana ba, "May I know who is calling?" ta fi "Who is this?" taushi nesa ba kusa ba.

Abin da zai hana irin ta watan jiya sake faruwa, ko da kunnenka ya sake yaudararka, shi ne rubutu. Kana ajiye waya ka tura saƙo ta WhatsApp: kaya kaza, tan kaza da lamba da kuma haruffa, farashi kaza, lodi rana kaza, a tabbatar. A nan ƙarfinka yake, tunda ka ce rubutu ba ya ba ka wuya. Ba a sayen buhu ɗaya, ba a kama mota, sai amsa ta dawo a rubuce.

Da wannan ƙa'idar nake so ka je wa kawu. Kada ka tare shi a kasuwa gaban yara. Ka same shi a gida bayan isha'i, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce masa kuskuren nan naka ne, ka ji 50 ba ka tabbatar ba, ka ba shi haƙuri. Sannan ka gaya masa abin da ka tsara: daga yau ba odar da za ta wuce sai da rubutacciyar shaida, kuma za ka riƙa nuna masa ita kana fassara masa kafin ya fitar da ko sisi. Dattijon da ya yi asara irin wannan bai zage ka ba, kuma har yau bai karɓe wayar daga hannunka ba, ina kyautata zaton jira yake ya ga abin da za ka yi. Shi ma wancan mai sayen, kai za ka fara kiransa, ka gaya masa akwai riɗi a ƙasa in yana da buƙatar ƙari ko ya san mai so.

Gargaɗi ɗaya kafin in rufe. 'Yan damfara sun san cewa mutum in aka rufe shi da Turanci mai gudu yakan bi umarni don kunya. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, yana neman lambar BVN ko lambar sirri ta kati ko wadda aka turo maka yanzu ta teks, ka kashe wayar, komai kyan Turancinsa. Wanda kuma ya ce ya turo kuɗi a saki kaya, kada ka tsaya kan alat, a duba asusu a ga kuɗin sun zauna.

Maganar aji kuwa, ban hana ka ba in kana da hali, amma ka yi tambaya kafin ka biya. Mutum nawa ne a ajin? Minti nawa kai da kanka za ka yi magana a kowane zama? Malamin zai yarda ya riƙa kiranka ta waya kuna yin irin atisayen da na bayyana? Yawancin azuzuwan nahawu suke komawa, allo da alli da cike gurbi, wato abin da ka riga ka ci jarrabawa a kansa. In irin wannan ne, kuɗin ya fi amfani a kati da abin sauraro mai kyau da ɗan alheri ga abokin da zai riƙa kiranka.

Ka rubuto mini bayan wata guda in ji inda aka kwana. Allah Ya yi wa kasuwa albarka. Ka gaishe mini da kawu.